Tambaya Jarin Mai Ƙaramin Ƙarfi: Jagorar Farfaɗo da Himma a Lokacin Tsanani

Duk wanda ya zauna majalisa a Boɗinga ko Shagari cikin 'yan shekarun nan ya san inda hira take dosa. A fara da gaisuwa, a gangara kan kuɗin mudun gero, a hau kan buhun taki da kuɗin mota zuwa Sakkwato, a watse kowa jikinsa ya yi sanyi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ga rashin tsaro a gabashin Jihar Sakkwato, ga damina mai zuwa da gardama. Wahalar gaskiya ce, kuma masu mulki na da hakkin da za su sauke a kanta.

Amma akwai asarar da ta fi ta aljihu ciwo, ita ce mutuwar zuciya. Saurayi ya wayi gari ba abin da yake ɗokin yi, magidanci ya daina cewa "baɗi zan yi kaza". Irin wannan ba a warkar da shi da lallashi kawai. Abin da ke tayar da mutum shi ne ya kwanta da wani abu da yake so ya ga yadda zai kaya gobe. Wanda ya jiƙa iri a tsumma da dare, da asuba ba sai an tashe shi ba, zai je ya duba ko ya tsira. Son sani ke nan, kuma sana'a ce da ake koyo mataki-mataki, ba baiwar wasu 'yan tsiraru ba.

Gado ne na gida

Mutumin Boɗinga ba ya bukatar aron misali. Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun sha yunwa da ciwo da yaƙi. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai an rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Duk da haka alƙalami bai bushe ba. Da Shehu ya sauka Sifawa wajen 1810, ya zauna nan har 1815 yana karantarwa yana wallafa, almajirai na kawo tambaya daga ko'ina. Ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune Boɗinga, kuma wajen waɗannan shekarun ne ya rubuta Tazyinul Waraƙat, ya kammala babban tafsirinsa Diya'ut Ta'awil.

Labarin Malam Abdullahi ya fi kusa da zancenmu. Ana tsakiyar jihadi ransa ya ɓaci da yadda ya ga son duniya na shiga zukatan wasu, sai ya kama hanyar gabas da niyyar ya bar ƙasar. Da ya isa Kano, mutanen gari suka tsayar da shi da tambayoyi kan yadda za su tafiyar da shari'a da mulki. Amsar da ya ba su ita ce littafin Diya'ul Hukkam, daga nan kuma ya juyo gida ya ci gaba da aiki. Tambayar masu neman sani ce ta dawo da himmar babban malami.

Shi kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Baturen nan Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, bai tsaya kan kayan gaisuwa ba. Ya duba na'urorin awon sama da baƙon ya zo da su, ya yi ta tambaya, har Baturen ya rubuta cewa Sarkin ya san taurari da yawa da sunayensu na Larabci.

Binciken zamani ma ya zo da abin da ya dace da haka. A 2014 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka nuna cewa idan mutum ya ƙagu ya san amsar wata tambaya, sassan ƙwaƙwalwar da ke motsawa yayin jiran abin daɗi sukan farka, kuma yakan fi riƙe abin da ya koya a wannan lokacin. Ga yadda za ka sa wannan ɗabi'a ta yi maka aiki.

Mataki na ɗaya: mai da kuka tambaya

Ɗauki abu guda da ya fi damunka a wannan mako. Faɗe shi yadda ka saba faɗa, sa'an nan ka sake faɗarsa da "yaya", ko "me ya sa", ko "wa ya taɓa".

"Taki ya gagari talaka" kuka ne. "Yaya zan sa ɗan takin garken da nake da shi ya isa wuri mai faɗi?" tambaya ce. "Wakena duk shekara ƙwari ke cinyewa" kuka ne. "Me ƙwaron wake yake bukata kafin ya rayu, kuma yaya zan hana shi?" tambaya ce. "Ba aikin yi" kuka ne. "Wane abu mutanen garinmu suke zuwa har Sakkwato su saya ko su gyara, wanda za a iya yi a nan?" tambaya ce.

Kuka yana ƙarewa inda aka faɗe shi. Tambaya kuwa tana aiken ka wani wuri: gona, kasuwa, ko zauren wani dattijo.

Mataki na biyu: zaɓi wadda ta yi daidai da ƙarfinka

Ba kowace tambaya ce ke raya zuciya ba. "Yaushe ƙasar nan za ta gyaru?" ba ka da hanyar amsa ta, kuma jujjuya ta da dare sai ƙarin hawan jini. Auna tambayarka da sharuɗɗa uku. Za ka iya samun amsarta, ko wani yanki na amsar, cikin mako ɗaya zuwa damina ɗaya? Za ka iya bincikenta da abin da ke hannunka, ba tare da cin bashi ba? Idan ka sami amsar, akwai abin da za ka yi da ita? Wadda ta cika ukun, ita ce taka.

Himma kamar hura wuta ce: da ƙirare ake farawa, ba da gungume ba. Ƙaramar tambayar da ka amsa da kanka ta fi babbar da ta bar ka da tagumi.

Mataki na uku: buɗe littafin lura

Sami ɗan littafi, ko ragowar na ɗan makaranta. Raba kowane shafi gida uku: abin da na gani, abin da nake zato, abin da zan gwada. Sa kwanan wata a sama. Boko ko ajami, duk ɗaya ne. Wanda bai iya rubutu ba ya naɗi muryarsa a waya, ko ya sa ɗansa ya rubuta masa, ko ya riƙa jan layi da gawayi a bangon rumbu.

Abubuwan rubutawa suna nan birjik. Ranar da ruwan shuka ya sauka, da yawan kwanakin da aka yi kafin na biyu. Farashin gero, wake da albasa kowace ranar kasuwa. Wace akuya ke haifar tagwaye, kuma me take ci. Wane ɓangaren gona ne wuta-wuta ta fi kamawa. Wanda ya rubuta farashin albasa shekara guda cur ba zai ƙara jiran ɗan kasuwa ya faɗa masa lokacin sayarwa ba. Littafinsa zai nuna masa watan da take arha da watan da take tsada.

Ka kiyaye bambanta abin da ka gani da abin da kake zato. "Geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi tsawo" gani ne. "Don ganyen gawo taki ne" zato ne, sai an bincika. Kuma idan ka bincika za ka tarar da abin burgewa: gawo yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma dabbobi su fake ƙarƙashinsa su bar kashi.

Mataki na huɗu: je wurin mai sani, da ladabi

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya na da ladubbanta. Kada ka tari mutum yana tsakiyar ciniki. Je da kanka, ka gaisa sosai, ka taya shi abin da ka tarar yana yi, sa'an nan ka kawo tambaya guda, gajera.

Fara da tsofaffi. A kowane ƙauye daga Sifawa zuwa Dancadi, daga Shagari zuwa Yabo, akwai waɗanda suka ga farin shekarun 1973 da 1974 da kuma na 1984 da idonsu. Ka zauna ka ce: "Baba, shekarar da ruwa ya ɗauke, wane iri ne ya tsira muku?" Ko: "Inna, yaya kuke shanya kuɓewa da tumatir har su kai bazara ba su yi baƙi ba?" Za ka sami dabara, za ka kuma sami abin da ya fi dabara: shaidar cewa an ga tsananin da ya fi wannan, an kuma fita. Shi ma tsohon da aka daɗe ba a nemi shawararsa ba, za ka ga fuskarsa ta washe.

Bayan su sai masu sana'a: maƙeri, majemi, mai gyaran waya, mai haɗa sola, masu noman rani a bakin madatsar ruwan Shagari. Sai malamin gona da likitan dabbobi. Wanda ya shiga Sakkwato kuma, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar aikin gona da cibiyar binciken makamashi, gidan tarihi na Waziri Junaidu kuma yana ajiye da rubuce-rubucen magabata. Abin da duk aka faɗa maka, ka rubuta, ka ji ta bakin mutum na biyu kafin ka ɗauka.

Mataki na biyar: yi ɗan gwaji

Nan ne zuciyar aikin, domin gani ya kori ji. Ƙa'idojin gwaji huɗu ne. Canza abu ɗaya tak. Bar wani kashi yadda ka saba yi, don ka sami abin kwatantawa. Yi shi ƙarami, yadda ko ya lalace ba zai taɓa abincin gida ba. Sa ranar da za ka duba sakamako. Ga guda biyar da za a iya farawa da su.

*Gwajin iri.* Kafin ruwa ya sauka, ɗebi ƙwaya ashirin daga irin da ka ajiye, ba tare da zaɓe ba. Jera su a jiƙaƙƙen tsumma, naɗe, ajiye a inuwa, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda ƙirga waɗanda suka tsira. In sun kai goma sha shida, irin na da kyau. In sun gaza sosai, ka sani tun da wuri, ka ƙara yawan iri a rami ko ka nemi wani.

*Tukunya cikin tukunya.* Wani malamin makaranta a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka cikin shekarun 1990, har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex. Sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, cika tsakaninsu da yashi, jiƙa yashin, zuba kayan miya a ta ciki, rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ajiye a inuwa mai iska. Ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsotsewa ta jikin tukunya yana tafiya da zafi. Raba tumatirinki biyu, 'yar'uwa, rabi a tukunya rabi a kwando, ki ƙirga kwanakin kowanne. Ta fi aiki da rani da bazara, lokacin da iska ta bushe.

*Ajiyar wake ba magani.* Ƙwaron wake yana bukatar iska. Shanya wake ya bushe ƙarau, cika busasshiyar jarka mai tsabta har wuya, rufe gam yadda iska ba za ta shiga ba. Bar mudu ɗaya a buhun da ka saba. Kada ka buɗe jarkar sai bayan wata uku. Wannan hikimar ce aka gina buhun PICS mai ruɓi uku a kanta: leda biyu a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban.

*Tassa a faƙo.* Da rani, haƙa ramuka ashirin a wurin da ƙasa ta ƙeƙashe, faɗin kowanne santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20. Tara ƙasar da ka tono a gefen gangare don ta tare ruwa. Zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. In ruwa ya sauka sai ka shuka gero ko dawa a ciki. Da wannan ne Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya mai da faƙo kurmi, manoman Tawa a Nijar ma suka raya filaye masu yawa.

*Sassabin zamani.* A 1983, a ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Toni Rinaudo, ya tsaya ya dubi 'yan tsirrai da ke gefen hanya da kyau, ya gane ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na raye a ƙasa. Manoman yankin suka karɓi dabarar suka inganta ta, har ana ƙiyasta ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. In za ka yi sassabe bana, zaɓi kututture biyar na kalgo, sabara ko gawo. Bar rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi, yanke sauran, ka share ƙananan rassan da ke ƙasa. Ɗaura musu ƙyalle don a san da mai su.

Wanda ba manomi ba shi ma yana da nasa gwajin. Mai ƙosai ta gwada sabon wurin zama na mako biyu ta kwatanta ciniki. Saurayi ya nemi matacciyar fitila mai caji, ya kwance ta gaban mai gyara, ya gano abin da ya mutu a ciki.

Mataki na shida: karɓi amsa ko wace iri ce

Ranar da ka sa ta zo, ka auna da mudu, ka ƙirga, ka rubuta. In gwaji ya yi kyau, ninka shi baɗi, kada ka zuba duk abin da ka mallaka lokaci guda. In bai yi ba, ba ka yi asara ba, domin ka sayi sani da araha. Tambayi kanka abu uku: me na zata, me ya faru, me zan canza? Jarkar da wake ya ɓaci a cikinta, wataƙila murfinta na shan iska, ko waken bai bushe ba. Ga sabuwar tambaya ta samu, ga dalilin sake tashi da wuri.

Mataki na bakwai: kai shi majalisa

Sanin da aka ɓoye ba ya yaɗo. Nemi mutum uku ko huɗu, ku sa rana guda a mako, bayan la'asar ko bayan isha. Kowa ya zo da abu ɗaya da ya gano da tambaya ɗaya da ta gagare shi. Sharaɗi biyu: ba a yi wa mai tambaya dariya, kuma ba a watse sai kowa ya faɗi abin da zai gwada kafin zama na gaba.

Mata suna da tsari tun na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Taron adashi ko na suna ya isa a soma.

Ka kuma nemi hanyar da abin zai zauna a ka. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya rasa mahaifinsa yana ƙarami, ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce kwaleji a Kaduna, ya dawo yana koyar da kimiyya tun kafin ya shiga siyasa har ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya, ya zuba labarin ƙasa a baitoci don yaro ya rera ya san garuruwa da kogunan da bai taɓa gani ba. Malaman firamare da na islamiyya na yau za su iya yin irin wannan da abin da ke kewaye da ɗalibansu.

Yara kuwa da son sani aka haife su. Mu ne ke kashe shi da tsawa. In ɗanka ya tambaye ka abin da ya sa Kaza da 'Ya'yanta ba ta fitowa wuri ɗaya a sama duk shekara, kada ka ce ya cika surutu. Ce masa: "Zo mu duba yau, mu sake dubawa bayan wata guda."

Abubuwan kiyayewa

Bin diddigin sirrin maƙwabci ba ya cikin wannan aiki; addini ya hana, kuma ba ya haifar da komai sai gaba. Haka nan kwana kan waya ana bin hotunan kashe-kashe da jita-jita a WhatsApp da TikTok: yana kama da neman sani, amma yana barin mutum da tsoro da kasala. Shiga intanet da tambayarka a hannu, in ka sami amsa ka fita.

Kada ka yi gwaji da lafiyar mutum, ko da haɗa magungunan feshi, ko da kuɗin bashi. Kada neman sani ya kai ka dajin da ba tsaro. Kuma in damuwa ta kai ga mutum ya daina barci, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane makonni, ko yana zancen gajiya da rayuwa, wannan ciwo ne mai magani. A haɗa da addu'a, a kai shi asibiti. Akwai asibitin ƙwararru na tarayya a Kware.

Tawakkali bai hana bincike ba. Magabatan da suka zauna Sifawa da Boɗinga sun fi mu dogaro ga Allah, sun kuma fi mu tambaya da rubutu, a lokacin da ya fi namu wuya.

Don haka, ɗan'uwa mai karatu, kada ka jira farashi ya sauka kafin ka soma. A wannan makon ka zaɓi tambaya guda, ka buɗe littafinka, ka gai da dattijo ɗaya ka tambaye shi, ka kafa ɗan gwaji kafin Juma'a mai zuwa. Abin da ka gano kuma ka sanar da maƙwabcinka. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya yaye mana wannan tsanani, amin.